Kafin Hukumar Birni Ta Sayi Dandalin Bayanai: Me Ke Kasuwa, Wanne Ya Dace Da Wa?

Abin da ke kai hukumar birni neman dandalin bayanai kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Sashen haraji na da kundinsa, sashen gine-gine na da nasa, 'yan kwana-kwana da masu kwashe shara kowa ya rungume nasa. Ranar da shugaban birni ya yi tambaya guda, misali gidaje nawa ne ake bin su haraji kuma aka taɓa kai ƙarar su kan haɗarin gobara, sai a kwashe makonni ana aike-aiken wasiƙu. Daga nan dillalai ke shigowa da allo mai launuka da taswira mai motsi, kowa na cewa nasa ne maganin. Matsalar ita ce kayan da suke tallatawa da suna ɗaya ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma birane da yawa kan sayi wanda bai taɓa ciwon da ke damun su ba.

Mafi shahara shi ne dandalin da ake baje bayanai ga jama'a. A nan CKAN ce tsohuwar hannu. Manhaja ce da kowa zai iya ɗauka kyauta ya gyara, gidauniyar Open Knowledge ce ta faro ta wajen 2006, kuma gwamnatocin Amurka da Birtaniya sun gina manyan shafukan bayanansu a kanta. Ba a biyan lasisi, amma kada kalmar kyauta ta ruɗi mai riƙe da kasafi: ana buƙatar ma'aikacin da ya iya Python (harshen rubuta manhaja) da PostgreSQL (manhajar adana bayanai), wanda zai riƙa sabunta ta yana toshe kafofin kutse. Ranar da wannan mutum ya sami aiki mai tsoka ya tafi, dandalin ya zama maraya. Socrata kuwa haya ake yi. Biranen New York da Chicago da San Francisco sun daɗe a kanta, kuma kamfanin Tyler Technologies ya saye ta a 2018 kan dala miliyan 150. Kamfani ke ɗaukar wahalar kulawa, birni na biya duk shekara, ƙarfin cinikinsa kuma na raguwa gwargwadon yawan abin da ya zuba a ciki. Opendatasoft ta Faransa, wadda birnin Faris ke amfani da ita, tsarinta kusan haka yake. ArcGIS Hub ta kamfanin Esri ta fi dacewa da birnin da aikinsa ya riga ya ta'allaƙa da taswira, filaye da bututun ruwa da hanyoyi. Los Angeles ta buɗe GeoHub da haɗin gwiwar Esri a 2016. In ma'aikatanku sun saba da kayan Esri, sauyin ba zai yi zafi ba. In kuwa yawancin bayananku lissafin kuɗi ne da rajistar mutane, ba nan ƙarfinta yake ba.

Duk waɗannan tagar waje ce. Ba su ne za su sa sashen haraji ya yi magana da sashen gine-gine ba. Wannan aikin rumbun cikin gida ne, inda ake tara bayanan sassa domin a yi nazari a kansu, kuma a nan ne kuɗi suka fi zurarewa.

Abin da ya faru a New York ya ishi mai saye darasi. Birnin na fama da gidajen da aka yayyanka ɗakuna ba bisa ƙa'ida ba ana cusa 'yan haya, irin gidajen da gobara ke cin rai a cikinsu. Masu duba gine-gine na bin ƙorafe-ƙorafe, amma kusan kashi 13 cikin ɗari kawai na ziyararsu ke cin karo da haɗari mai tsanani. Wata ƙaramar tawaga a ofishin magajin gari Michael Bloomberg ta haɗa bayanan sassa daban-daban, irin su bashin haraji da ƙwace gida saboda bashi da shekarun gini, ta jera gidajen bisa girman haɗari, adadin ya haura zuwa wajen kashi 70. Aikin da ya fi cin lokacinsu shi ne gane cewa gida kaza a kundin wannan sashe shi ne gida kaza a kundin wancan, domin masu haraji na lissafi da lambar yanki da layi da fuloti, masu gine-gine na da tasu lambar, 'yan sanda kuma na aiki da ma'aunin taswira. Babu manhajar da za ta yanke wa birni shawarar lambar da kowa zai bi. Sai an zauna an yi gardama, wani ya haƙura.

Wanda zai gina irin wannan rumbu a yau yakan zaɓa tsakanin ajiye na'urori a ofishinsa da yin haya a wurin manyan kamfanonin intanet. A duba yadda ake cajin kuɗi da kyau. A cikin rumbunan haya, BigQuery ta Google, a tsarinta na biya gwargwadon amfani, tana lissafi ne da yawan bayanan da tambayarka ta karanta, Snowflake kuma da tsawon lokacin da injin ya yi yana aiki. Allo guda da aka saita ya riƙa sabunta kansa duk minti biyar, babu mai kallonsa, na iya cinye kasafin wata. Power BI da Tableau kayan nuni ne da ake ɗorawa a sama, kuma galibi kan kowane ma'aikaci ake biya, don haka a ƙirga masu buƙata na gaskiya tun kafin a tambayi farashi.

Akwai hanyar da ba a cika tallata ta ba, wataƙila don babu ribar lasisi a ciki. Estoniya tun 2001 take amfani da X-Road, inda ba a tara komai wuri guda. Kowace hukuma na riƙe da kundinta, in wata na buƙatar wani bayani sai ta nema ta amintacciyar hanya, a rubuta wanda ya nema da lokacin da ya nema. Finland ma ta ɗauka. Ga birnin da sassansa ke ƙyashin sakin bayanai, ko doka ta hana tarawa, wannan ya fi sauƙin karɓuwa. Rauninsa shi ne nazari mai zurfi, wanda ke son a ga komai a faranti ɗaya.

A ganina, sharuɗɗan kwangila sun fi sunan manhaja muhimmanci. A 2014 birnin New York ya saki bayanan tafiye-tafiyen tasi kusan miliyan 173, an ɓoye lambobin motoci da na direbobi ta wata dabara mai rauni, cikin ɗan lokaci masana suka warware ta. Ba laifin dandali ba ne, bayanan ne ba a tantance su yadda ya kamata ba kafin a saki. A Toronto ta Kanada, shirin unguwar zamani na Sidewalk Labs, ƙanwar Google, ya sha suka kan wa zai mallaki bayanan mazauna. Ann Cavoukian, tsohuwar kwamishinar kare sirri ta lardin Ontario, ta ajiye aikin ba kamfanin shawara a 2018, aka kuma watsar da shirin a watan Mayun 2020, kamfanin na kafa hujja da rashin tabbas na tattalin arziki. Barcelona ta bi ta wata hanya a zamanin da Francesca Bria ke jagorantar harkokin fasaha na birnin: ta riƙa sa sharaɗi a kwangiloli cewa bayanan da kamfani ya tara yayin yi wa birni aiki dole ya miƙa su ga birni a sigar da na'ura za ta iya karantawa. Wannan sharaɗi ya cancanci shiga kowace kwangila, tare da bayanin ƙasar da za a ajiye bayanan, da wanda ke da ikon gani, da nawa za a biya ranar rabuwa.

Ƙaramin birni mai ma'aikatan fasaha biyu ko uku ya fi samun kwanciyar hankali da haya, muddin ƙofar fita a buɗe take. Babban birni mai tawaga tsayayya zai iya riƙe CKAN a waje da rumbunsa a ciki. Wanda kuma har yanzu bai naɗa mai alhakin kowane kundi ba, mutum mai suna da ofis wanda za a kira in an ga kuskure, gara ya jinkirta sayen.

Lokacin tantance dillalai kuma, kada a yarda da nunin da suka shirya da bayanansu masu tsabta. A ba kowannensu kundi biyu na gaske daga sassa biyu, da adireshin da aka rubuta iri uku da gurabun da aka bari fayau, bayan an cire sunayen mutane. A ce ya haɗa su, ya nuna wanda ya buɗe wane fayil da yaushe, sannan ya fitar da komai, har da bayanin ma'anar kowane layi, a sigar da wata manhaja za ta karɓa. A sa ma'aikacin birni ya yi fitarwar da hannunsa, a duba agogo, a kuma rubuta lokacin da ta ɗauka a cikin takardar kwangilar.