Wane tanti ne zai jure wa iskar Zariya da ruwanta?

Masu neman tantin kwana a Zariya sun fi yadda ake zato yawa. Akwai ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke fita aikin fili, akwai 'yan sikawut da 'yan agaji masu zaman sansani, akwai manomin da ke kwana a gona da kaka yana gadin masararsa kafin a kwaso ta, ga kuma magidancin da zafin Maris da Afrilu ya kora zuwa tsakar gida, sauro kuma ya hana shi sakat. Bukatarsu ba ɗaya ba ce, shi ya sa nake ganin kafin a tambayi kuɗin tanti, a fara tambayar kai: a wane wata zan kwana a cikinsa? Tantin da zai yi maka daɗi a watan Disamba zai iya barinka jiƙe sharkaf a watan Agusta.

Wanda ya fi jan idon mai saye shi ne mai buɗe kansa, wanda da an zare shi daga jakarsa mai faɗi kamar faifai sai ya miƙe tsaye. Yana da sauƙin kuɗi, yaro ma zai kafa shi. Amma yawancinsu shafi ɗaya ne, wato yadi ɗaya tal tsakaninka da waje, sandunansu a ɗinke suke cikin yadin, idan ɗaya ta karye gyaran yana da wuya, kuma iska mai ƙarfi tana kwantar da shi a kan fuskar mai barci. Idan tsakar gida ce da bazara, ko dare ɗaya da rani, ya wadatar, musamman wanda jikinsa kusan duk raga ce. Kada dai a kai shi daji da damina.

Mai siffar ƙubba, wanda sanduna biyu ke gittawa a samansa, shi ne nake ba yawancin mutane shawara, da sharaɗin ya zama mai shafi biyu. Na ciki raga ce da yadi marar kauri, na waje kuma rufin da ke tare ruwa, da ɗan fili a tsakaninsu. Amfanin wannan filin babba ne. Numfashin mutum da zufarsa suna fitar da danshi duk dare, idan ya tarar da yadi mai sanyi sai ya koma ɗigon ruwa. A tanti mai shafi ɗaya, a kanka zai ɗigo, har ka rantse yoyo yake yi. A mai shafi biyu, danshin yana ratsa ragar ya taru a rufin waje ya gangara ƙasa. Duk wanda zai kwana kusa da fadamar Galma ko gefen Kubanni a cikin damina zai ga bambancin tun asubar farko. Wani alherin kuma, idan dare ya yi zafi babu alamar hadari, sai ka cire rufin ka kwanta cikin raga zalla, iska na shiga, sauro na waje. Abu guda da za a duba da kyau: rufin ya sauko har kusa da ƙasa ta kowane ɓangare. Akwai masu araha da aka ɗora musu ɗan ƙaramin rufi a tsakiyar kai kawai. Ruwan Zariya na farkon damina ba a tsaye yake sauka ba, da iska yake zuwa a karkace, saboda haka irin wannan rufin ba ya tsare komai.

Sai tantin kanfas, na auduga mai kauri, irin wanda aka saba gani wurin sojoji da manyan sansanoni. A zafin rana babu kamarsa, domin yadin yana shan iska, cikinsa ba ya turara kamar na leda, kuma rana ba ta saurin cinye shi. Idan ƙungiya ce za ta zauna wuri ɗaya mako guda ko fiye, kuma akwai motar da za ta kai kaya, shi ne zaɓi. Nauyinsa ne matsalar, ba a goya shi a baya a hau Dutsen Kufena da shi, idan ya jiƙe kuma nauyin ƙaruwa yake yi, bushewarsa sai an yi haƙuri. Sabon kanfas yana son a kafa shi a jiƙa shi da ruwa a bar shi ya bushe kafin a fita da shi, don zaren ya kumbura ya toshe ramukan allura. Sannan gara tana cin auduga, don haka ba a barin gefensa kwance a ƙasa kwana da kwanaki ba tare da ana dubawa ba.

Tamfol na leda da ake ɗaurawa a kan itace inuwa ce kawai. Ba shi da ƙasa, ba ya hana sauro ko kunama. A saye shi a matsayin ƙari.

A jikin kwali ko jakar tanti na kirki za ka ga lamba da "mm" a gabanta. Wannan shi ne ma'aunin yawan matsin ruwan da yadin zai jure kafin ya fara tsatsa. Daga 1,500 ake kiran yadi mai hana ruwa, amma don marka ta Agusta gara a nemi 3,000 a rufi, shimfiɗar ƙasa kuma ta kai 5,000, tunda gwiwa da nauyin jiki suna matse ruwa ya ratso ta ƙasa. Shimfiɗar ta ɗan hau bango kamar tsawon taƙi ɗaya, kada ɗinkinta ya zauna daidai da ƙasa. Tsakanin yadin foliyesta da na nailan, foliyesta ya fi jure rana kuma ba ya saki idan ya jiƙe, wannan ya fi dacewa da mu. Lambar mutanen da aka rubuta kuwa, an ƙirga ta ne a kan mutane kwance kafaɗa da kafaɗa babu jaka ko ɗaya. Idan ku biyu ne, ku ɗauki na mutum uku.

Sanduna iri biyu ne aka fi samu a ƙananan tantuna. Na faiba, wato na zaren gilashi da aka daskarar da roba, sun fi araha, amma idan suka gaji tsagewa suke yi a tsaye, silin ya soki hannu ya kuma huda yadi. Na alminiyam sun fi tsada, ba nauyi, idan iska ta matsa musu lanƙwasa suke yi, a miƙe su a ci gaba. Mai fita sau ɗaya a shekara faiba ta ishe shi. Mai fita kullum, kuɗin alminiyam zai dawo masa.

Turakun da ke zuwa a cikin jaka kusan duk siraran waya ne, ba don irin ƙasarmu aka yi su ba. Da rani, jar ƙasar nan mai marmara bugu biyu take lanƙwasa su. Maganin yana hannun mai walda: a yanka rodi mai kaurin milimita 8 ko 10, tsawon kamar santimita 30, a fiƙe baki ɗaya, a lanƙwasa ɗaya. A tafi da guduma. Turke ana kafa shi ne a karkace, kansa yana kallon nesa da tanti, kuma a ɗaure duk igiyoyin gefe ko da sama tana tas. Hadarinmu yawanci daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, don haka ƙofa ta kalli yamma. Kada a kafa a kwari ko hanyar ruwa, kada a raɓu da doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai lokacin tsawa. A share ƙaya da tsakuwa, a duba gidan tururuwa, a shimfiɗa tamfol a ƙasa wanda bai kai faɗin tantin ba, domin idan ya leƙo waje shi zai tara ruwan sama ya kai shi ƙarƙashinka. A halin tsaron da ake ciki kuma, kafin a kwana a wajen gari a sanar da mai unguwa ko dagacin wurin, a ji shawararsa.

Sabo ko gwanjo? Gwanjo na kamfanin kirki sau da yawa ya fi sabo marar suna, amma sai an buɗe. A kasuwar Sabon Gari ko ko'ina ne, ka ce wa mai kaya, "Malam, don Allah a warware min shi gaba ɗaya in gani." Mai kaya nagari ba zai ƙi ba. Fara da hanci: warin fumfuna ba ya fita da wanki. Shafa cikin rufin da tafin hannu, idan yana danƙo ko farin gari na zuba, shafin da ke hana ruwa ya mutu, ka bar shi komai arharsa. Ɗaga yadin ka saita shi da rana, ƙananan huji za su bayyana. Bi ɗinki da yatsa ka ga ko siririn tef ɗin da aka manna a kansa yana ɓantarewa. Ja kowane zif sama da ƙasa har ƙarshe, haɗa sanduna duka, ka duba bakin kowace gaɓa ko akwai tsaga, ka ja robar da ke cikinsu ka ji ko tana da sauran ƙarfi. Ragar da ta yage ana iya ɗinke ta, zif ma tela zai canza, amma rufin da ya mutu ba shi da magani mai sauƙi. Mai saye ta intanet ba shi da wannan damar, don haka ya tabbatar ana karɓar kaya idan an mayar, ya kuma kafa shi a gida ranar da ya iso, ya watsa masa ruwa da bokiti.

Abin da ya fi kashe tanti a nan shi ne naɗe shi da laima. Kwana biyu ko uku a jaka cikin damina sun isa fumfuna ta kama shi. Idan dole ta sa an naɗe shi a jiƙe, da isa gida a shanya shi a inuwa har ya bushe ƙarau, har da igiyoyi. Ba a wanke shi da omo ko a inji, ruwa da soso mai laushi sun isa. Ƙurar hunturu tana cin haƙoran zif, sai a riƙa goge su da tsohon burushin haƙori a ɗan goga kyandir. A ajiye shi sako-sako a wuri mai sanyi, nesa da zafin kwanon rufi da inda ɓeraye ke yawo.

Wuta kuwa ba ta shiga tanti, kowane iri ne. Yadin leda narkewa yake yi ya manne a fata cikin daƙiƙoƙi, gawayin da aka shigar don jin ɗumi a sanyin Janairu kuma yana fitar da iskar da ba ta da wari ko launi, tana kashe mai barci bai farka ba. Girki a waje, kurfoti da risho a waje, haske kuma a yi da tocila ko fitilar caji. Sanyi kuma a yi maganinsa da bargo da tabarma mai kauri a ƙasa, domin ta ƙasa ya fi shiga jiki.