Darasin Fahimtar Karatu na LSAT a Wata Cibiya da ke Kongo

Makonni shida na yi ina halartar darasin share fagen jarrabawar LSAT, wato jarrabawar neman shiga makarantun koyon shari'a na Amurka, a wata ƙaramar cibiya da ke Kongo a Zariya, domin burina shi ne in karanci shari'a a Amurka. Sashen fahimtar karatu ya fi ba ni tsoro, saboda cikin minti 35 ake so ɗalibi ya gama rukunin nassoshi huɗu, ɗaya daga cikinsu kuma yana iya zama gajerun rubuce-rubuce biyu da za a kwatanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda malamin ya hana mu amsawa da ilimin da muka zo da shi daga waje. Duk wanda ya zaɓi ɗaya daga cikin amsoshi biyar da ake bayarwa a kowace tambaya, sai Malam ya ce, "Nuna mini layin da ya tabbatar da ita." Ta haka na gane cewa amsar da ta ce "kullum" a inda marubuci ya ce "sau da yawa" tarko ce, komai kyan tsarinta.

Sai dai ba a cika yin gwaji a kwamfuta ba, alhali a kanta ake rubuta jarrabawar, kuma wannan giɓi ya dame ni ƙwarai.