Sharhi kan zagayen lambunan unguwa a kwarin Constantia

A wata Asabar cikin watan Satumba ni da maiɗakina muka yanki tikitin wani zagaye da mazauna wata unguwa a kwarin Constantia, kudu da tsakiyar birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, suke shiryawa. Tsarin shi ne gidaje biyar su buɗe lambunansu ga baƙi, a bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙafa tare da ɗan jagora, sannan a kammala a wata ƙaramar gonar inabi inda ake ɗanɗana giyar da aka matsa a wurin. Mu Musulmi ne, ba ma shan giya, kuma mun sanar da masu shiryawa haka tun wajen sayen tikiti. Lambunan ne suka kai mu, domin gidan da muke haya yana da ɗan fili da ciyawarsa ta bushe ƙurmus, mai gidan kuma ya ba mu izinin mu shuka abin da muka ga dama muddin ba zai ƙara masa kuɗin ruwa ba.

Maganar ruwa ita ce tushen komai a wannan zagaye. Huɗu daga cikin masu gidajen biyar da maganar farin da aka yi daga 2017 zuwa 2018 suka fara ba da labarinsu, lokacin da madatsun ruwan birnin suka kusa ƙafewa, aka hana ba lambu ruwan famfo, kuma daga watan Fabrairun 2018 aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana. Koriyar ciyawa da furannin wardi irin na Ingila da suka shafe shekaru suna tattali duk suka mutu a gaban idonsu, yayin da tsirran da ke gindin dutse, waɗanda ba mai ba su ko digo, suka ci gaba da zamansu. Daga nan ne suka tumɓuke baƙin tsirrai suka koma ga na ƙasar, waɗanda ake kira fainbos.

Gidan farko shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mai shi wata dattijuwa ce da ta tarbe mu da almakashin aske reshe a hannu, kuma kafin ta nuna mana fure ko ɗaya sai ta duƙa ta ɗebo ƙasa ta zuba mini a tafin hannu. Yashi ne fari, mai kaushi, wanda duk manomin da ya gan shi zai ce ba ya ba da komai. Ta ce a kan wannan talaucin ƙasa fainbos ya saba rayuwa, don haka wanda ya tausaya masa ya zuba masa takin zamani mai fosfaras, ko ya riƙa sassaɓe gindinsa da fartanya, shi ne zai kashe shi, musamman dangin furotiya, wasu tsirrai masu manyan furanni da saiwoyinsu ke kusa da sama. Daga nan ta kai mu wurin furotiyar da ake kira sarki, wadda ita ce furen ƙasa na Afirka ta Kudu. Furen ya kai faɗin ƙaramin faranti, gefensa ja-ja mai haske, tsakiyarsa fari mai laushi kamar gashin ɗan tsako. Muna tsaye wani ɗan tsuntsu mai dogon baki da ƙirji mai ƙyalli ya sauka a wani fure kusa da mu ya zura bakinsa ciki, sai kowa ya yi tsit har ya tashi. Ta kuma sa muka murza ganyen wani ɗan tsiro mai suna buchu a yatsu, ƙamshinsa mai ƙarfi ya bi ni har gida na biyu.

Ɗan jagoranmu matashi ne da ya san aikinsa. A kan hanya ya bayyana mana cewa wannan yanki na kusurwar Afirka yana da nau'in tsirrai kusan 9,000, kuma kimanin kashi biyu cikin uku nasu ba a samun su ko'ina a duniya sai a nan, abin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya wasu sassansa cikin wuraren gadon duniya a 2004. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dangantakar tsirran da wuta. A daji, gobarar da ke tashi bayan shekaru ita ce ke sabunta su, domin irin wasunsu ba ya tsirowa sai hayaƙi ya taɓa shi, wasu kuma tururuwa ce ke kwashe irin ta binne a ƙasa inda wuta ba za ta cinye shi ba. A gida na uku aka nuna mana yadda ake kwaikwayon hakan ba tare da an ƙona komai ba: wata 'yar takarda ce da ta sha hayaƙi, irin wadda aka samar a Kirstenbosch, babban lambun adana tsirrai na Cape Town da aka kafa a 1913, ake jiƙawa a ruwa, a tsoma irin a ciki ya kwana kafin a shuka.

Na yaba da gaskiyar mai gida na huɗu, wanda ya fara da kai mu wurin abin da ya mutu masa. Ya ce ya ɗauka tunda tsiron ɗan ƙasa ne ba ya bukatar kulawa, sai ya dasa shi dab da lokacin zafi ya bar shi, rani ya kashe fiye da rabi. A wannan yanki da sanyi ake ruwan sama, daga wajen Mayu zuwa Agusta, saboda haka a Afrilu ko Mayu ya kamata a dasa, kuma a ranin farko dole a riƙa ba shi ruwa har saiwa ta kama ƙasa. A bayan gidansa akwai kututturen wata bishiya 'yar Ostareliya mai kama da bagaruwa, ɗaya daga cikin baƙin itatuwan da suka mamaye yankin suna shanye ruwa, waɗanda gwamnati ta kafa shirin sare su tun 1995. Ganin kututturen ya tuna mini da darbejiya, wadda asalinta daga Indiya take amma ta cika garuruwanmu har yara suna ɗaukar ta tamkar 'yar gida, alhali gawo da kuka da ɗorawa suna ta raguwa a bakin gari. Wannan bayani na lokacin dashe kaɗai ya isa ya biya mini kuɗin tikitina, domin kuskuren da na yi niyyar tafkawa ke nan.

Akwai gyara a tsarin. Mun yi yawa a rukuninmu, hanyoyin lambunan kuma siriri ne, wanda ke baya ba ya jin abin da ake faɗa. Gida biyu ne kawai suka manna sunayen tsirrai, a sauran sai mutum ya yi ta tambaya. Gida na biyar minti goma kacal aka ba shi saboda an makara, ana jiranmu a gonar inabi.

A gonar an jera kofunan gilashi a kan doguwar tebur, an ajiye wani ƙoƙon ƙarfe da masu ɗanɗano ke tofarwa a ciki, mai matsa giyar kuma yana bayani kan kowace kwalba. Ya yi magana kan farin inabin Chenin blanc, wanda ya fi kowane yawa a gonakin ƙasar, da kuma Pinotage, irin da Abraham Perold ya samar a Jami'ar Stellenbosch a 1925 ta hanyar haɗa wasu iri biyu na Faransa. Ba zan yanke hukunci kan ɗanɗanon giyar ba tunda ban sha ba, sai dai na ga abokan tafiyarmu da dama sun sayi kwalabe. Mu mun nemi a ba mu wuri dabam, aka sa mana kujeru a inuwar wata bishiya ba tare da wani ya ɗaga mana gira ba, aka kawo mana ruwan inabin hanepoot wanda ba barasa a cikinsa, mai sanyi da zaƙi da ƙamshi, tare da shayin royibos. Ladabinsu ba abin kushewa. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne kuɗin tikiti ɗaya ne ga mai sha da wanda ba ya sha, kuma an kashe kusan awa ɗaya da rabi a nan, lokacin da aka tsakuro daga lambuna. A birnin da ke da Musulmi masu yawa, waɗanda masallacinsu na farko ya tsaya tun 1794, ya kamata a ce akwai tikitin lambu zalla. Wanda ba ya son ya kusanci wurin shan ma yana iya sallama daga gida na biyar, ba abin da zai rasa na lambu.

Ƙorafina mafi nauyi shi ne tarihin da aka ba mu a gonar. An ambaci 1659, shekarar da aka fara matsa inabi a yankin zamanin Jan van Riebeeck, shugaban Turawan Holan da suka fara zama a wurin, an ambaci gonar da gwamna Simon van der Stel ya kafa a Constantia a 1685, daga nan aka tsallake zuwa yau. Ba a ce bayi ne suka nome waɗannan gonaki har zuwa soke bauta a 1834 ba, ba a ambaci tsohuwar al'adar biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya ba, wadda ta bar wa iyalai da yawa ciwon shaye-shaye, ba a kuma faɗi cewa a shekarun 1960 dokar wariyar launin fata ta kori iyalan da ba farare ba daga wannan kwari, cikinsu har da masu noman furanni da kayan lambu. A cikin kwarin nan akwai kaburburan shehunan Musulmi da Turawan Holan suka koro daga tsibiran Indonesiya, waɗanda har yau ake ziyarta. Zagayen da ya kafu a kan tambayar wane tsiro ne ɗan ƙasa bai kamata ya yi shiru kan mutanen da suka yi wa ƙasar aiki ba. Na faɗa wa ɗan jagoran haka a keɓe, ya saurare ni da kyau, ya ce zai isar wa masu shiryawa.

Duk da haka ina ba da shawarar zagayen ga duk mai fili a wannan yanki, ya zo da takalmi mai kyau da littafin rubutu, ya kuma yi ƙoƙarin tsayawa kusa da mai gida. Mun dawo da ƙananan tukwane uku na buchu da dattijuwar nan ta sayar mana, mun ajiye su a inuwar baranda muna ba su ruwa kaɗan-kaɗan, sauran filin kuma mun bar shi yadda yake sai Afrilu.