ENC28J60 ko W5500: yadda kowanne ya tsara rajistocinsa

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi dacewa tsakanin ENC28J60 da W5500, cip biyu masu haɗa na'ura da intanet ta waya, ga na'urar da kake haɗawa da ƙaramin allon sarrafawa na Arduino Uno domin aika ma'aunin batiran sola daga shagonka na kusa da babbar kasuwar Maradi. A ganina amsar tana cikin tsarin rajistocinsu, wato ƙananan guraben da shiri ke rubutawa ko karantawa don sarrafa cip.

ENC28J60 na kamfanin Microchip bit 5 kaɗai yake ba adireshi, wato gurbi 32, don haka aka raba rajistocinsa rukuni huɗu, kuma kafin ka taɓa wata rajista sai ka zaɓi rukuninta ta hanyar bit biyu da ke cikin rajistar ECON1. Rajistoci biyar na ƙarshe, daga adireshin 0x1B zuwa 0x1F, ana samunsu a kowane rukuni. Nan ne wahalar take, domin cip ɗin yana riƙe da rukunin da aka zaɓa a baya, kuma idan shirinka ya manta, zai rubuta a gurbin da ba shi ba, ba tare da wata alama ba. Rajistocin MAC (sashen da ke tsara saƙonni) da MII (hanyar isa ga PHY) kuma sukan fara turo bayit ɗaya na banza kafin na gaske, su kuwa na PHY, sashen da ke haɗe da wayar sadarwa, ba a isa gare su kai tsaye, sai an bi ta rajistar MIREGADR ana jira.

W5500 na WIZnet bai bar maka nauyin tuna rukuni ba. Kowane umarni ta SPI, wayoyin da Uno ke magana da cip ɗin ta kansu, yana ɗauke da adireshi mai bit 16, sai bayit ɗaya da ke faɗin sashen da ake nufi da ko karatu ne ko rubutu. Sashen gama-gari yana riƙe da adireshin MAC (lambar shaidar na'urar) daga 0x0009 da na IP (adireshinta a intanet) daga 0x000F, sannan soket 8, wato ƙofofin sadarwa, kowanne da nasa sashe mai tsari iri ɗaya, wanda ya sa in ka iya ɗaya ka iya sauran.

Akwai kuma batun ƙwaƙwalwa. ENC28J60 yana da kilobayit 8 kuma bai san TCP, ƙa'idar aika bayanai a intanet, ba, dole Uno mai kilobayit 2 ya ɗauki wannan nauyin, alhali W5500 yana da 32 kuma shi ke yin TCP da kansa.

Ni W5500 zan ba ka shawara, ko da ya ɗan fi tsada. Idan ya iso hannunka, fara karanta rajistar VERSIONR, mai nuna sigar cip ɗin, a 0x0039; in ka ga 0x04, wayoyinka sun haɗu daidai.