Injin da ke gasa burodi kina barci

Yaya, a gaida Inna da duk mutanen Auyo.

Ranar da aka ɗauki azumi na sauko yin sahur, na tarar ƙamshin burodi mai zafi ya cika gida, alhali kowa na barci. Ashe Baturiyar da nake haya a gidanta ce ta zuba kayan haɗi a wani ɗan inji tun dare, ta saita masa lokaci saboda ni. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Yanzu ni nake haɗawa. Ruwa ake fara zubawa, sai mai, gishiri da sukari, sannan fulawa ta rufe ruwan ruf. A saman fulawar a yi ɗan rami a zuba yis. Kada ya taɓa ruwa, don in ya jiƙa da wuri kwaɓin zai kumbura ya faɗa tun ba a zo gashi ba. Ba a sa ƙwai ko madarar ruwa, kwana za su yi su lalace, sai dai madarar gari. Awannin da suka rage ki ci ake ƙirgawa: in kin zuba ƙarfe 8 na dare kina so 4 na asuba, sai ki danna awa 8. Injin namu ana iya saita shi har awa 13. Zai yi shiru abinsa, sai saura kamar awa 3 ko 4 ya kwaɓa, ya bari ya tashi, ya gasa.

Har na fara tambayar kuɗinsa don in aiko wa Inna, sai jikina ya yi sanyi. Mintuna kaɗan yake iya jira in an ɗauke wuta, daga nan fulawarki ta tafi a banza. A gida wa zai kwanta ya bar wa wuta amanar sahur ɗinsa?

Abin da ya fi ƙona mini rai alkama ce. Mu muke noma ta a kwarin Haɗeja, mu sha sanyin ban ruwa, mu sayar a buhu, sannan mu je teburin mai shayi mu sayi burodin da in kika matse shi ba ya cika tafin hannu, zaƙi kawai da iska. Ko tambayar me aka zuba ciki ba ma yi. A nan komai a rubuce yake a jikin leda.

Gurasa ce dai har yau ban samu ba, injin bai san tanderu ba. In Kawu zai taho, ki haɗo mini garin ƙuli da yaji, zan gwada ta a kasko.