Daga Bronx a birnin New York: makarantar yara da katin asibiti

Yaya, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Hajiya da yara.

Kin tambaye ni ko gaskiya ne komai kyauta yake a Amurka. Ko kusa. Kuɗin haya kaɗai yana hana mu barci, doya kuwa a shagon 'yan Afirka sai mun yi shawara kafin mu ɗauki ƙwaya biyu. Amma a kan yara, wallahi sun yi tanadi, shi nake son in ba ki labari.

Ranar da na kai yaranmu makarantar gwamnati, takardar haihuwa da katin rigakafi da shaidar inda muke zaune kawai aka nema. Ba wanda ya tambaye ni takardar zama, domin tun 1982 Kotun Ƙoli ta hana a kori yaro daga makaranta saboda rashin takardar zama. A birnin New York abincin rana kyauta ne ga kowane ɗalibi tun 2017. Autarmu ma, shekararta 4, tana da ajinta, ba mu biya ko sisi ba. Abin da ya fi sanyaya mini rai, tun 2015 ake rufe makarantu ranar Sallah.

Lafiyarsu tana ƙarƙashin wani shiri na jiha, Child Health Plus, na yaran da ba su kai shekara 19 ba. Gwargwadon samunka ake yanka maka kuɗin wata, mai ƙaramin ƙarfi ba ya biyan komai. Wani dare cikin sanyi zazzaɓi ya rufe auta, jikinta kamar garwashi. Na miƙa katin hannuna yana rawa, suka karɓe ta, ba wanda ya ce mini kawo kuɗi. Ina zaune a bakin gadon sai na tuna daren da muka kwana a asibiti da ɗanki, ana cewa sai an biya kuɗin kati da na ruwa kafin a taɓa shi. Kuka na yi, Yaya.

Na manya ne da wuya. Maigidan yana tuƙin tasi, yana biyan inshora duk wata, amma da motar asibiti ta ɗauke shi bara, takardar bashin da ta biyo baya ta tayar mana da hankali. Kuma nan ba a shiga kemis a ce a ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta kamar yadda muke yi, sai da takardar likita.

Tun 2022 dokar Najeriya ta wajabta inshorar lafiya, kuma Kano tana da hukumarta, KSCHMA. Don Allah ki je ki tambayo yadda ake yi wa Hajiya da yaranki rajista da nawa ne a shekara. Zan turo kuɗin ƙarshen wata in sha Allahu.