Gargaɗi kan masu tallar hannun jari a gonakin inabi na ƙasar waje

Ina jan hankalin jama'ar Abuja, musamman ma'aikatan gwamnati, 'yan fansho da matan da ke sana'ar abincin biki, game da wasu mutane da ke tallata abin da suke kira hannun jari a gonar inabi ta ƙasar Jojiya. Ban ambaci sunan kamfaninsu ba, domin suna abu ne da za su iya sauyawa gobe, amma salon aikinsu shi ne abin da ya kamata kowa ya gane.

Gayyata ce take zuwa ta WhatsApp, a kira mutum liyafar cin abincin dare kyauta a wani wurin cin abinci na alfarma a Maitama ko Wuse 2. Ana kawo abinci kashi-kashi, kowane kashi da kofin ruwan inabinsa, ana ta nanata wa Alhazai da Hajiyoyi cewa babu ɗigon barasa a ciki. Sai ciki ya ɗauka, sannan a haska hotunan gonaki a bango, a ce duk wanda ya sayi layi guda na kurangar inabi zai fara karɓar riba tun daga wata mai zuwa, wanda ya kawo wani yana da kamasho, wanda ya biya a daren kuma an yi masa ragi. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ke sa mutane su saki jiki shi ne, rabin bayanin nasu gaskiya ne. Jojiya tana cikin wuraren da suka fi daɗewa da sarrafa inabi a duniya, masu binciken tarihi sun samo shaidar hakan ta kimanin shekara 8,000, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta amince da tsarinsu na tsima inabi a manyan tulunan yumɓu da ake binnewa a ƙasa a matsayin kayan gadon al'ada. Yankin Kakheti da suke yawan ambata yana nan, shi ne cibiyar noman inabin ƙasar. Haka nan gaskiya ne cewa kasuwar ruwan inabi marar barasa tana bunƙasa. Daga nan ne ƙaryar take farawa.

Kurangar inabi ba ta ba da amfanin kirki sai a shekara ta uku da dasawa, kuma a Jojiya sau ɗaya ake girbi a shekara, wajen watan Satumba zuwa Oktoba. Bayan girbi akwai matsa, tacewa, zubawa a kwalba, jigila da jiran dillali ya biya. Duk wanda ke shakka yana iya tambayar manoman inabi na Kudan a Jihar Kaduna irin ɗawainiyar da ke tsakanin dashe da kuɗi. To, gonar da ke samun kuɗi sau ɗaya a shekara, daga ina za ta riƙa biyan riba duk ƙarshen wata? Amsar ita ce daga aljihun waɗanda suka shigo a baya-bayan nan, kuma ranar da sababbin shiga suka ragu, ranar ce biyan zai tsaya, kamar yadda aka gani a tsare-tsaren zuba jari na damfara irin su MMM a ƙarshen 2016 da kuma CBEX a watan Afrilu na 2025.

Akwai kuma batun mallaka. Tsarin mulkin Jojiya da ya fara aiki a Disambar 2018 ya taƙaita mallakar ƙasar noma ga gwamnati da 'yan ƙasa, sai 'yan keɓantattun yanayi da doka ta tanada, saboda haka takardar da aka buga a wani ofis a Abuja ba ta mallaka wa ɗan Najeriya ko taku ɗaya a can. Sana'ar kanta ma ba ta cikin yanayin da za ta yi rabon kuɗi, domin ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kula da harkar inabi, OIV, ta bayyana cewa shan giyar inabi a duniya a 2024 ya faɗi zuwa matakin da ba a gani ba tun 1961, har gwamnatin Faransa tana biyan manoman Bordeaux kuɗi don su tumɓuke kurangarsu.

Kwalaben da suke rabawa a matsayin samfuri su ma abin dubawa ne. An rubuta Champagne a jikin wasu, alhali wannan suna doka ta keɓe shi ga abin da aka yi a yankin Champagne na Faransa kaɗai, kuma babu lambar rajistar NAFDAC. Ga Musulmi akwai ƙarin abin lura: ruwan inabin da ba a taɓa tsima shi ba daban yake da giyar da aka cire wa barasa, wadda a dokar Tarayyar Turai za ta iya ɗauke da ragowar barasa har kashi 0.5 cikin 100. Hukuncin wannan na malamai ne, amma mai sayarwa da ya ɓoye bambancin ya ci amanar mai saye. Jabun abin sha kuwa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, don a Disambar 2023 NAFDAC ta rufe shaguna sama da 240 a kasuwar Eziukwu da ke Aba, inda ake haɗa jabun giyar inabi da lemuka.

Idan an matsa musu, takardar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, suke fitarwa. Wannan takarda shaida ce kawai cewa an yi wa suna rajista. Izinin karɓar jarin jama'a yana hannun hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, wadda ke da jerin kamfanonin da ta amince da su a shafinta na intanet, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan tsari ƙarara, tare da tanadin ɗauri ga masu gudanar da shi. A duba jerin kafin a tura ko kwabo, ko da ɗan'uwa ne ya kawo maganar, domin sau da yawa shi ma bai san abin da ya shiga ba.

Wanda ya riga ya biya, ya adana rasit, lambar asusun da ya tura wa kuɗi da duk saƙonnin da suka yi, ya sanar da bankinsa ba tare da ɓata lokaci ba, sannan ya kai ƙorafi a rubuce ga EFCC da SEC. Kada ya biya wani kuɗi da za a ce na cire riba ne ko na haraji, kuma kada ya jawo kowa da nufin mayar da uwar kuɗinsa.